Jininsa ya yi ƙasa, kuma ana ba shi maganin hawan jini: a daina ne?

"Assalamu alaikum. Mahaifina ɗan shekara 61 ne, nauyinsa kilo 60, wata tara ke nan yana wankin ƙoda. Sau biyu muke zuwa a mako, wani makon sau ɗaya idan kuɗi ya yanke. Yana shan lisinopril, amlodipine da Aldomet saboda hawan jini, da jar ƙwayar nan ta ƙarin jini. Ana yi masa allurar EPO mai 4,000 sau ɗaya a mako, amma PCV ɗinsa ya kafe a 23, har sau uku ana ƙara masa jini. Da aka mayar da allurar sau biyu a mako sai awonsa ya kai 190/105, ranar nas ta ƙi yi masa. Wani da suke layi tare ya ce masa ai lisinopril ne ke shanye masa jini. Yanzu Baba ya ce shi ya daina shan maganin hawan jini, wai ta yaya mutumin da jininsa ya ƙare za a ce kuma jininsa ya hau? Ni dai na rasa ta cewa." Wata 'yar'uwa daga Kano.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya.

Kafin komai, a lallaɓa shi ya koma shan maganinsa yau ɗin nan, yadda likita ya rubuta. Idan ya kwana biyu bai sha ba, a auna shi, a kuma sanar da sashen wankin tun kafin ranar zuwansa. Mutumin da awonsa ya kai 190/105 alhali yana shan magani uku, ki ƙiyasta inda zai kai in ya ajiye su gaba ɗaya. Garin neman gira za a rasa ido.

Tambayar Baba kuwa tana da ma'ana, harshenmu ne ya haɗa abu biyu a kalma ɗaya. Hawan jini magana ce ta ƙarfin matsin da jini ke yi wa jijiyoyi. Ƙarancin jini magana ce ta yawan jajayen ƙwayoyin da ke cikinsa, masu ɗaukar iska su kai wa gaɓoɓi, kuma yawansu ne awon PCV ke nunawa. Ki ba shi misali da koko: a tsuga masa ruwa, kofi ya cika har yana zuba, amma gasarar da ke ciki 'yar kaɗan ce. Haka jinin mai ciwon ƙoda yake. Ruwa da gishirin da ƙoda ta kasa fitarwa sun cika jijiyoyi, matsi ya hau, jinin kuma ya tsinke. Don haka mutum ɗaya yana iya fama da duka biyun a rana ɗaya, kuma yawancin masu wankin ƙoda haka suke.

Ƙoda ba tace fitsari kawai take yi ba. Ita ce ke fitar da wani sinadari mai suna erythropoietin, wanda ake taƙaitawa EPO, shi ne ɗan aiken da ke zuwa ɓargo ya ce a ƙera sababbin jajayen ƙwayoyi. Ƙoda ta lalace, ɗan aike ya daina zuwa, ɓargo ya yi sanyi. Bugu da ƙari, ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki, ta mai wanki ba ta kai haka saboda dattin da ke taruwa a jiki. Allurar da kuke saya ɗan aiken nan ne aka kwaikwaya, tun 1989 ake amfani da ita a Amurka.

Shi mutumin da ke layi, akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, amma ya cika mata gishiri. Lisinopril yana cikin dangin magungunan da sunansu ke ƙarewa da "pril", irin su enalapril, captopril da ramipril. Aikinsu hana jiki sarrafa wani sinadari, angiotensin II, mai tsuke jijiyoyi. To shi wannan sinadari, bayan tsuke jijiya, yana ɗan zaburar da ƙoda ta fitar da EPO, yana kuma taimaka wa ƙananan ƙwayoyin ɓargo su girma. An rage shi, an rage wannan tallafi ke nan. Hanya ta biyu: akwai wani ɗan sinadari a jini da ke taka wa ɓargo burki, kuma abin da lisinopril ke toshewa shi ne mai rusa wannan sinadari, saboda haka sai ya taru, musamman a jikin wanda ƙodarsa ba ta fitar da shi. Likitocin ƙoda sun san wannan sarai. Har ma idan aka yi wa mutum dashen ƙoda jininsa ya yi yawa fiye da ƙima, da irin waɗannan magunguna ake saukar da shi. Dangin "sartan", wato losartan, valsartan da telmisartan, su ma suna da irin wannan hali ta hanya ta farko, don haka sauya lisinopril da losartan ba lallai ya canza komai ba.

Amma fa ragin ɗan kaɗan ne. Binciken da aka yi a kan masu wanki ma bai zo baki ɗaya ba: wasu sun nuna masu shan irin wannan magani suna buƙatar ƙarin allura kaɗan, wasu ba su ga bambanci ba. Ba shi da ƙarfin da zai riƙe PCV ɗin mutum a 23 alhali ana neman 30 zuwa 34. Idan duk sauran abubuwa sun daidaita, abin da aka saba yi shi ne a ɗan ƙara allura a bar maganin, domin yana kare zuciya, ita kuwa zuciyar mai wanki tana shan wahala ta fuska biyu: matsi yana kaurara bangonta, ƙarancin jini yana sa ta bugawa ba hutu. Idan an taɓa yi wa Baba hoton zuciya aka ga ta yi rauni ko ta buɗe, cire lisinopril asara ce babba. Idan zuciyar lafiya take, kuma an bi sauran dalilai ba a ga komai ba, likita na iya rage shi ko ya musanya shi da wani, kamar carvedilol, ya jira mako huɗu zuwa shida ya ga ko PCV zai motsa. Wannan hukuncin likitan ƙoda ne, da sakamakon gwaji a gabansa.

In akwai abin da ya kamata ki ji tsoro game da lisinopril a jikin wanda wani makon sau ɗaya yake wanki, to fotasiyam ne. Maganin yana sa wannan gishirin jiki ya taru, ƙoda ba ta fitarwa, na'urar wanki ce kaɗai ke kwashewa. Daidai shi ne 3.5 zuwa 5.0. Ya wuce 5.5 a sake lale, ya kai 6.5 zuciya na iya tsayawa ba sallama. A riƙa auna shi aƙalla sau ɗaya a wata, kafin a ɗora shi a na'ura. Ki gaya wa likita gaskiyar yawan zuwanku, kada kunya ta sa ki ce sau biyu alhali wani makon sau ɗaya ne, domin da wannan zai san ko maganin ya dace da shi.

Wanda ya fi ɗaukar hankalinmu a jerin da kika kawo shi ne Aldomet, wato methyldopa. Tsohon magani ne mai araha, shi ya sa ya yawaita a wajenmu. A jikin wasu yana sa garkuwar jiki ta juya wa jajayen ƙwayoyin mutum baya. Cikin masu daɗewa suna sha, kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari gwajin da ake kira Coombs yakan nuna alama, galibi tsakanin wata shida zuwa shekara da farawa, amma waɗanda ƙwayoyinsu ke farfashewa da gaske ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Abu ne da ba kasafai ake gani ba, sai dai mutumin da aka ƙara wa jini sau uku cikin wata tara ya cancanci a duba masa. Ki kalli farin idonsa da rana a tsakar gida, ba a hasken fitila ba: ya yi ɗorawa kamar mai ciwon shawara? In yana ɗan fitsari, ya koma kalar baƙin shayi? Ki faɗa wa likita. Gwajin Coombs, da na bilirubin, sinadarin da ke sa ido ya yi ɗorawa, da ƙidayar sababbin ƙwayoyin jini su za su raba gardama. In ya tabbata, ana daina maganin har abada. Ko bai tabbata ba, a sanar da masu ɗakin ajiyar jini cewa yana shan Aldomet, domin yakan rikita musu gwajin dacewar jini.

Akwai kuma wata rigima tsakanin Aldomet da jar ƙwayar nan. Sinadarin ƙarfe da ke cikinta, wanda ake kira ayon, yana manne wa methyldopa a cikin hanji ya hana jiki tsotsarsa. Mutum ya watsa su baki tare da safe, Aldomet ya tafi a banza, awo ya hau, a ce magani ba ya ji. Captopril ma haka yake yi da ayon. A raba su da aƙalla awa biyu.

Amlodipine ba shi da laifi a wannan shari'a, ba ya taɓa aikin allura. Abin lura da shi kawai yakan kumbura ƙafa, kada a ɗauka duk kumburin ruwa ne.

Sai mu juya tsabar, domin abin da ya faru ranar da nas ta ƙi yin allura shi ne ɗaya fuskar. Ita kanta EPO tana hawar da jini, wannan ce illarta da aka fi gani, kuma ta fi kama wanda dama yake da hawan jini. Idan jini ya yi ƙaranci, jijiyoyi sukan saki jiki su buɗe don iska ta isa ko'ina. Da ƙwayoyi suka fara ƙaruwa sai jinin ya yi kauri, jijiyoyin su koma su tsuke, allurar ma da kanta tana matse su. In aka yi gaggawa, matsin na iya bugun ƙwaƙwalwa: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ruɗewa, jijjiga kamar mai farfaɗiya, ko shanyewar ɓarin jiki. Takardar da ke cikin kwalin allurar ta rubuta ƙarara cewa ba a yi wa wanda hawan jininsa bai daidaita ba. Nas ɗin ta yi daidai. Kowane sashe da iyakar da yake tsayawa a kai, amma 190/105 ba awon da za a ɗora wa EPO ba ne.

To ki duba yadda lissafin Baba zai juye masa. Ya ajiye magani don jininsa ya ƙaru, awo ya haura, a hana shi allura, PCV ya ƙara faɗuwa, a koma neman ledar jini. Maganin hawan jinin shi ne ke buɗe wa allurar ƙofa. Ki faɗa masa da wannan lafazin, dattijo yakan karɓi magana in an nuna masa inda ribarsa take.

Saboda wannan haɗari ne ba a son jini ya hau da gudu. Abin da ake so Hb, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jajayen ƙwayoyi, ya ƙaru da gram 1 zuwa 2 a wata, wato maki 3 zuwa 6 na PCV, tunda PCV kusan ninki uku ne na Hb. In ya ƙaru fiye da gram 1 cikin mako biyu, ana rage allurar da kashi ɗaya cikin huɗu. Kuma ba a neman kai shi matsayin mai lafiya. A 1998 an wallafa wani bincike a Amurka kan masu wanki sama da 1,200 masu ciwon zuciya, aka yi ƙoƙarin kai wasu 42, wasu aka bar su a 30. Dole aka tsayar da binciken kafin lokacinsa, saboda mace-mace da bugun zuciya sun fi yawa a ɓangaren da ake turawa sama. Ƙa'idar da KDIGO, ƙungiyar masana ciwon ƙoda ta duniya, ta fitar a 2012 ta ce kada a riƙe Hb sama da 11.5, kuma kada a kai shi sama da 13 da gangan. Ga Baba, 30 zuwa 34 ya wadatar. Allurar takan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga aikinta a takarda, shi ya sa ba a ƙara ta fiye da sau ɗaya a mako huɗu.

To me ya riƙe shi a 23? Mu fara da lissafi. Takardar epoetin, wato allurar EPO ɗin, ta ce a fara da 50 zuwa 100 ga kowane kilo, sau uku a mako. Kilo 60 sau 50 ya ba da 3,000, sau uku 9,000 ke nan a mako. Baba yana samun 4,000, bai kai rabi ba. Likitoci da dama sukan fara ƙasa da abin da takarda ta ce ga mai hawan jini, kuma hakan hikima ce, amma ba za a ce allura ta gaza ba alhali ba a kai ta ma'auninta ba. Ki tambayi ta inda ake yi masa ita. Wadda aka yi ƙarƙashin fata, a ciki ko a cinya, ta fi daɗewa tana aiki a kan wadda aka tura ta robar na'ura, har akan samu ragin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na abin da ake buƙata. Ga mai saye da kuɗin aljihunsa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu, kuma mun fi zarginsa a kan kowa: ayon. Allura umarni ce ga magini, ayon shi ne bulo. Ko sau goma aka aika wa magini, in babu bulo zaune zai wuni. Mai wankin ƙoda yana asarar ayon gram 1 zuwa 2 a shekara, ko fiye, ta jinin da ke maƙalewa a matata da robobi, da wanda ake ɗiba don gwaji, da wanda ke ɗiga bayan cire allura. Jar ƙwayar ba ta iya cike wannan giɓi, domin hanjin mai ciwon ƙoda ba ya tsotsar ayon sosai. In ya haɗa ta da shayi, ko da farar ƙwayar kalsiyam da ake ba su su sha da abinci, abin da zai shiga ma ya ƙara raguwa. Wasiƙarki ba ta ambaci gwajin ayon ba, muna zaton ba a yi ba. Biyu ne: feritin, mai nuna abin da ke rumbu, da TSAT, mai nuna abin da ke kan hanya zuwa ɓargo. In TSAT bai wuce 30 cikin ɗari ba, feritin kuma bai wuce 500 ba, ƙa'ida ta yarda a ba da ayon ta jijiya. Yadda aka saba, iron sucrose irin su Venofer, miligiram 100 a kowane zaman wanki har sau goma, jimilla 1,000, sannan a sake gwaji. A asibiti ake yi, a hankali, ana kallon mutum, domin wasu jikinsu yakan ƙi shi, kuma tsohon nau'in nan iron dextran ya fi haɗari ga mai shan lisinopril. Ba a yi wa mai zazzaɓi sai ya warke. Sau da yawa ayon kaɗai ke ɗaga PCV ba tare da an ƙara EPO ba, wato an huta da ƙarin kuɗi da ƙarin hawan jini a lokaci guda.

Ranar wanki, in an gama mayar masa da jininsa, ki leƙa matatar nan mai kama da doguwar kwalba kafin a jefar. Mai kyau takan fito fari-fari da ɗan ja-ja. In kika ga baƙaƙen layuka da gudaji a bakinta, jinin Baba ne ya tafi kwandon shara, a yi wa nas magana a duba ma'aunin heparin, maganin da ake sawa don kada jini ya daskare a na'ura. In jini ya daskare a na'ura gaba ɗaya aka zubar da robobin, kusan mililita 200 ke nan a zama ɗaya.

Ba ki faɗa mana ta ina ake ɗora shi ba. In roba ce a wuya ko a cinya, ita ma abar zargi ce. Ƙwayar cuta takan zauna a jikin roba ba tare da zazzaɓi mai ƙarfi ba, sai dai ɗan sanyi-sanyi da rawar ɗari in an fara wanki. Jiki in yana faɗa da cuta yakan kulle rumbun ayon, feritin ya nuna sama, ɓargo kuma yana jin yunwa, allura ta ƙi ci. Gwajin CRP yana nuna hakan. Zazzaɓin cizon sauro, ruɓaɓɓen haƙori, gyambon ƙafa ga mai ciwon suga, tarin fuka, duk haka suke yi. Maganin na dindindin shi ne a haɗa masa jijiya a hannu a cire robar.

Wankin kansa ma bai isa ba, kin sani mun sani. Ma'auni shi ne sau uku a mako, awa huɗu kowane zama. Dattin da ke kwana a jini yana danne ɓargo, ruwan da ke taruwa yana hawar da awo yana kuma tsinka jini har PCV ya nuna ƙasa da gaskiyarsa. Ba za mu ce ki yi abin da aljihu bai kai ba. Amma in za a zaɓa tsakanin zaman wanki da kwalaben tonik da 'yan dubiya ke ba da shawara, a biya wankin, kuma kada a yarda a yanke awa huɗun nan saboda layi ko gajiya.

Abin da ke hannunku a gida shi ne gishiri da ruwa, kuma a jikin mai wanki sun fi kowace ƙwaya tasiri a kan awo. Gishirin wuni gaba ɗaya kada ya kai ƙaramin cokalin shayi ɗaya, wajen gram 5, har da wanda ke ɓoye a dunƙulen miya, yajin tsire, kilishi, kifin gwangwani da taliyar 'yan yara. Kanwa ma dangin gishiri ce, a cire ta daga miyarsa. A ɗebar masa tasa miyar kafin a zuba dunƙule. Ruwa kuwa, ledar fiya wata ɗaya, wato rabin lita, a ɗora da gwargwadon fitsarin da ya yi jiya, kuma koko, shayi, fura, romo da kankana duk a cikin lissafin suke. Ga mai kilo 60, nauyin da zai ƙaru tsakanin wanki da wanki kada ya wuce kilo biyu zuwa biyu da rabi. Ki roƙi a sake duba nauyin da ake saukar da shi a kai bayan wanki. Mutum in ya rame a wata tara, aka ci gaba da amfani da tsohon nauyi, ruwa ne ya maye gurbin tsokar da ta zube, sikeli ba zai tona ba, sai awon jini.

Lokacin shan magani ma yana da tasiri. Na'ura tana wanke lisinopril da Aldomet da atenolol daga jini, ba ta wanke amlodipine, carvedilol da losartan. Wanda ya sha lisinopril da asuba aka ɗora shi ƙarfe takwas, kafin azahar na'ura ta kwashe rabonta, ya koma gida ba kariya. Shi ya sa likitoci kan ce a sha irin waɗannan bayan wanki ko da dare. Ki tambaya a rubuta miki a takarda wanne ne na safe, wanne ne na bayan wanki. Awon da ake yi a bakin gadon wanki kuma, bayan wahalar hanya da zaman layi, ba shi ne cikakken hoto ba. In da hali ki sayi na'urar awo ta dantse. Safe da yamma, ya zauna minti biyar ya jingina, a auna a hannun da ba a haɗa jijiya ba, ki rubuta a ɗan littafi tare da nauyinsa da ranakun allura. Matsakaicin awon gida da ya wuce 135/85 yana nufin da sauran aiki.

Ita allurar, ki tabbata rayayya kuke kaiwa asibiti. Ana ajiye ta a sanyin digiri 2 zuwa 8, a tsakiyar firji, ba a ƙofa ba, ba kuma a gidan ƙanƙara ba. Ta daskare ta lalace, ta sha zafi ta lalace, aka girgiza ta da ƙarfi ma haka, kuma ido ba ya gane lalatacciya. Wasu kamfanoni sun yarda ta yi 'yan kwanaki a waje in zafi bai wuce digiri 25 ba, amma wane ɗaki ne a Kano yake 25 a watan Afrilu? Ki saya inda kika ga daga firji mai aiki aka ciro ta, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki sa ta a cikin kula mai ƙanƙara, da ɗan tsumma a tsakani don kada su haɗu. In wutarku ba ta tsayawa, sayen ta rana ɗaya-ɗaya ya fi tarawa.

A bincika kuma ko jini na zuba ta ciki. Magungunan ciwon jiki na kemis, ibuprofen, diclofenac, Feldene da haɗe-haɗen da ake ƙullawa a leda, suna ƙwarzar ciki ya yi ta tsiyaya, ga heparin da ake sa masa a na'ura, sannan suna hawar da jini. Paracetamol ya ishe shi sai in likita ya ce wani abu. Jar ƙwaya tana baƙanta bayan gida, amma baƙi mai danƙo kamar kwalta mai mugun wari jini ne.

Za a kawo muku dabarun ƙarin jini iri-iri: ruwan ganyen ugu, matsattsen alayyafo, zogale, dabino da madara, jiƙon karan dafi, zoɓo, lemon malt. Ga mai ƙoda lafiya ba laifi. Ga Baba, ganyayyakin da dabinon fotasiyam ne zalla a kan lisinopril, sauran kuma ruwa ne da zai kwana a ƙirjinsa, kuma babu ɗayansu da zai maye gurbin ɗan aiken da ƙoda ta daina turawa. Gishirin da ake tallatawa wai na masu hawan jini ne, shi ma fotasiyam aka sa a madadin gishiri, kada ya shigo gidan. A karɓi kyautar 'yan dubiya a yi godiya, yara su sha.

Ƙarin jini yana ceton rai in PCV ya faɗi ƙwarai ko numfashi ya gagara, kuma leda ɗaya takan ɗaga shi da maki uku. Amma aro ne, cikin 'yan makonni ya zube. Kowace leda tana zuwa da ruwa da fotasiyam, shi ya sa aka fi son a sa ta yana kan na'ura. Tana kuma iya sa jiki ya ƙera garkuwar da za ta ƙi ƙodar da za a dasa nan gaba. In kuna da tunanin dashe, ko da nesa ne, ki faɗa wa likita tun yanzu don a taƙaita ledojin.

A zuwanku na gaba ki nemi ganin likitan ƙoda da kansa, ki juye masa duk abin da Baba ke sha a kan tebur, har na kemis da na gargajiya, ki faɗa masa kwana nawa ya yi bai sha na hawan jini ba. Ki nemi cikakken gwajin jini da ƙidayar sababbin ƙwayoyi, feritin da TSAT, fotasiyam, CRP, da Coombs saboda Aldomet. In kuɗi ba zai kai duka ba, a fara da na ayon da fotasiyam. A ɗebi jinin kafin a fara wanki, domin na bayan wanki yakan nuna PCV sama da yadda yake. In waɗannan sun fito lafiya, sai a waiwayi sinadarin PTH mai daidaita kalsiyam a jiki, da folik asid da B12, sannan a zo kan maganar sauya lisinopril.

Kada ku jira ranar wanki in kuka ga ɗayan waɗannan: ciwon kai mai tsanani da amai ko dishi-dishin gani, ruɗewa ko jijjiga, karkacewar baki ko mutuwar hannu, kasa kwanciya saboda numfashi, ciwon ƙirji, ƙafafu su saki ya kasa miƙewa, kumburin leɓe ko harshe, zazzaɓi da rawar sanyi ga mai roba a wuya, ko awo ya kai 180/120. Ko tsakar dare ne a tafi asibiti, ki riƙe littafin awon da ledar magungunan a hannunki.